Baban 'Yan Biyu

Malamin lissafi ne ni a wata sakandare a Gombe, kuma a ganina duk abin da aka rubuta da lamba ya shigo gonata. Saboda haka da uwargida ta ga layi biyu a tsinken gwajin fitsari, likita ta tura ta gwajin jini, sai na karɓe takardar na ce ta bar mini wannan.

Sinadarin da ake aunawa sunansa hCG. Ƙwayoyin da za su zama mabiyiya ne ke fitar da shi da zarar ciki ya kama a mahaifa. Ƙasa da 5 babu ciki, sama da 25 akwai. Namu ya haura 2,000. Aka sake gwaji bayan kwana biyu, ya ninka har da ɗori. Na shiga intanet da tsakar dare, na tsinci layin da ke cewa yawansa kan nuna tagwaye. Layin da ke ƙasa, mai cewa a mako na 5 kaɗai lambar kan kama daga 18 zuwa sama da 7,000 kuma duk lafiya lau, ban ga dalilin wahalar da kaina da shi ba.

Kai da ka san mu, ka san cikin fari ɓoye shi ake yi. Uwargida ko innarta ba ta iya faɗa wa ba don kunya. Ni kuwa kafin la'asar majalisarmu ta Jekadafari ta san Hassan da Usaini na tafe. Na zana musu jadawali a bayan kwalin sukari, na yi bayani har da nuna da tsinken sakace. Da albashi ya shigo na je kasuwar dabbobi na sayo 'yan raguna biyu, wai kafin suna sun yi ƙiba. Mai shayin unguwa ya fara kirana Baban 'Yan Biyu, ni kuma ina amsawa da gyaran murya.

Wajen mako na 12 na matsa a sake gwajin, don in cike jadawalina. Lamba ta sauko. Jama'a, ban san lokacin da na tura matata cikin Keke Napep ba, takalmi wari da wari, ina salati tun daga Pantami har asibiti, ita tana ce mini, "Malam, ni fa lafiyata ƙalau."

Likitar ta saurare ni har na gama huci. Ta ce ninkawar nan ta kwana biyu zuwa uku a makonnin farko take; tsakanin mako na 8 da na 11 sinadarin kan kai ƙololuwa, daga nan ya sauko, haka Allah Ya tsara. Abin da ke tayar musu da hankali shi ne ya ƙi hawa da wuri, don yana iya nuna ɓari ko ciki a wajen mahaifa. Tagwaye kuma hoton ciki ke faɗa. Aka ɗora na'ura. Ɗa ɗaya tal, yana ta wutsil-wutsil.

Na ce ko ɗayan ya ɓuya a baya ne. Nas ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa.

"Malam, wane aiki kake yi?" in ji likita.

"Ina koyar da lissafi."

"Allah Ya taimaki yaran," ta ce, ta miƙa wa uwargida takardar, ba ni ba.