Bitar Jarrabawa a Layinmu

Da zarar zafin bazara ya kankama, aka ji jadawalin WAEC ya fito, sai layinmu ya canza kama. Gidan da tun farkon zango ba a tambayi yaro me aka koya masa ba, yanzu ya koma makaranta. A kashe talabijin, a karɓe waya, a hana ƙwallon yamma. Uba ya dawo daga kasuwa da ɗan littafin tambayoyin shekarun baya, ya miƙa wa ɗansa, "Ungo, ka haddace, kada ka ba ni kunya." Uwa kuma ta ɗauke wa 'yarta wanke-wanke da shara har a gama. Dukanmu muna yi, kuma ƙauna ce ta sa. Irin bitar ce kawai take damuna.

Ku kasa kunne bayan isha'i, za ku jiyo yarinya a tsakar gida tana rera ma'anar jigo, ma'anar salo, zubi da tsari, kamantawa, mutuntarwa, ba ko tuntuɓe. Ta san Abubakar Imam ne ya rubuta Magana Jari Ce, ta san a 1937 ya fara fitowa. Iyaye su ji daɗi, su ce ai an gama. Sai ranar da wata goggo, wadda ta yi firamare tun zamanin da ake karanta littafin a aji, ta ce, "To 'yar nan, shi akun nan me ya sa ya dage yana ba Musa labari ba ƙaƙƙautawa?" Yarinya ta yi shiru. Ba ta san Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ba, ba ta san waziri yana ƙulla makirci ba, balle ta gane cewa da labaran nan aku yake riƙe Musa kada ya bar fada. Littafin bai taɓa shiga hannunta ba. Taƙaitaccen bayaninsa aka kwafa mata a allo.

A adabi ma da sauƙi, hadda takan ɗan rufa asiri. Auna fahimta ce ke tona mu, ta Hausa da ta Ingilishi duka, domin labarin da za a ajiye a gaban yaro bai taɓa ganinsa ba. Dabarar da yaranmu suka koya ita ce su duba tambaya, su nemo jimlar da ke da kalma irin tata, su kwashe ta ɗungurungum su zuba a takardar amsa. In an ce su taƙaita da kalmominsu, sai gumi. Ban ga laifin malami shi kaɗai ba. Aji cike maƙil, littafi ɗaya a hannun malam, lokaci ya ƙure, me zai yi in ba rubutu a allo ba?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mu fa gwanayen nazari ne. Ku je teburin mai shayi washegarin da aka nuna Labarina ko Kwana Casa'in. Wannan ya ce, "Wallahi mutumin nan ba don Allah ya zo ba." Wancan ya ce, "Haba Malam, ina hujjarka?" Nan take a kawo hujja: abin da ya faɗa makon jiya, yadda ya sunkuyar da kai da aka ambaci kuɗi, wanda ya kira a waya bayan an fita. Mata ma haka suke yi da Daɗin Kowa da littattafan da ake karantawa a rediyo, har su faɗi inda labari zai dosa tun kafin ya je. Nazarin halayen taurari ke nan, warwarar jigo ke nan, abin da mai duba takarda yake nema ke nan. Yaranmu suna cikin masu wannan musu, bakinsu ma ya fi namu kaifi. Ba wanda ya taɓa ce musu aikin ɗaya ne da na aji.

Wani dattijo a layinmu, tsohon malamin makaranta, shi ya fara jona abin. Ran Asabar bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, yara su kewaye shi. Ɗaya ya karanta shafi guda na Ruwan Bagaja da ƙarfi, sai ya ce, "Rufe littafin. Faɗa mini da bakinka." Yaro ya yi ta inda-inda, ya jira shi. Daga nan ya jefa tambaya: tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, wa ya fi cutar ɗan'uwansa? Duk wanda ya ba da amsa sai ya ce, "Madalla. Buɗe ka nuna mini a ina." Wata rana kuma ya yanko labari daga Aminiya, ya ce a mayar masa da shi jimla uku, kada a aro kalmar ɗan jarida. Wata yarinya da ba a jin muryarta a aji, a nan take kafewa a kan ra'ayinta, yatsa a kan layi, "Baba, ga shi nan fa!"

Wasu iyayen sun ce abin yana cin lokaci, jarrabawa ta zo wuya, sun mayar da nasu wurin masu lesin. Na fahimce su. Amma ƙannen da ke aji ɗaya na babbar sakandare suna da sauran lokaci, kuma ko uwar da ba ta yi boko ba tana iya cewa, "Karanta mini ina tankaɗe, sannan ka gaya mini me ya faru da dalilinsa." Matan gidaje biyu sun riga sun fara. Mako mai zuwa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa za a ɗauko a tabarmar, kwafi biyu aka samu a akwatin tsofaffi, ana cigiyar na uku.