Baƙin Folin Ƙaura, kowa da irin shigarsa

Tun 1929 da layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Gusau, ya zo ya tuƙe a Ƙauran Namoda, garin nan bai rabu da baƙi ba. Da can gyaɗa da auduga ke kawo su. Daga 1983 kuwa, da Gwamnatin Tarayya ta kafa kwalejin kimiyya da fasaha, wadda kowa ke kira Foli, sai takardar shiga makaranta ta karɓi aikin. Kowace shekara mota na sauke yara daga Ilori da Makurɗi da Inugu da Bida da Maiduguri, kowa da gargaɗin da uwarsa ta yi masa. Duk mai zama teburin shayi ya san su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai Malam Ba-Hausa. Kalmomi biyun nan ya haddace tun a mota, da su kuma zai gama ƙaramar difloma. Ka yi masa sannu, ba Hausa. Ka ce kuɗinsa sun faɗi, ba Hausa. Daga ɗaki sai aji, daga aji sai rumfar 'yar garinsu mai sayar da teba. Buhun garin kwaki ya zo da shi, yana ɓoyonsa ƙarƙashin gado. Duk ranar da rediyo ya ce 'yan bindiga sun kai hari wajen Zurmi, uwarsa za ta kira tana kuka, shi kuwa yana kwance yana fifita da handawut. Hunturu ya zo, leɓe ya tsage, ya saka riga uku da safa a hannu. Watan Afrilu ya kama, ka same shi tsakar gida da dare yana tambayar Allah laifin da ya yi.

Kishiyarsa shi ne Sarkin Zaƙewa. Sati biyu da zuwa ya ɗinka kaftani, ya kafa hula, goro a kunci. Yaro mai tallan ruwan leda ma "ranka ya daɗe" yake ce masa. Dattijo mai furfura ya kira shi "ke", budurwa ya kira ta "kai". An miƙa masa hoce ya ci, an dama fura ya sha har da side ludayi, ya kwana yana sintiri bayan gida, gari ya waye ya dawo neman ƙari. Dariya ake masa, amma shi ake fara kira walimar suna. Bahaushe na yafe wa wanda ya karya masa harshe. Wanda ya wuce shi ba gaisuwa ne ba ya mantawa da shi.

Sai Bayaraben da ya gamu da Bagobiri. Arewacin Zamfara maƙwabcin ƙasar Gobir ne, ga Isa da Sabon Birni can gaba da Shinkafi, don haka mai tsage a kunci ba ya wuyar gani a aji. Ranar farko wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bawana, yaushe ka iso ba ka zo gaishe ni ba?" Bawan Allah ya fusata, yana neman inda ake kai ƙara. Sai da aka zaunar da shi aka ce wasa ne na kaka da kakanni tsakanin Yarbawa da Gobirawa, irin na Fulani da Tibi, ko na Katsinawa da Nufawa. Tun daga ranar ya fi kowa iya tsiya. Ko biro Bagobiri ya ara a hannunsa sai ya tara jama'a su shaida.

Ita kuma Hajiyar Dole ta sauka da wando da kitson roba har gadon baya. Ba wanda ya ce mata uffan. Kallo kawai aka bi ta da shi daga tasha zuwa masauki, washegari ta sayi gyale. Yanzu lalle take ƙunsawa har gwiwar hannu, tana ce wa mai kayan miya "haba Alhaji, rage mini mana," ya kuwa rage.

Wanda ya fi ba ni tausayi Bakano ne, don shi bai san baƙo ne ba. Ya zo da ƙafafa, a ganinsa Hausa gadon gidansu ce. Ya tsaya gaban mai shago, aka ce masa, "Mi kaka so? Wanga ko wancan?" Ya yi turus. Aka ce wane ya hwaɗi, ya ce wace irin magana ce wannan. Da ya fara gyara wa mutane baki, sai wani yaro daga Ogbomosho ya ja shi gefe ya fassara masa. Ashe yaron haifaffen Ƙaura ne, kakansa aikin jirgin ƙasa ya kawo shi. Zamfarci a bakinsa ba gargada, sai an zo kiran suna a aji kake jin Adebayo ya amsa. Wannan kam ko'ina baƙo ne: a nan a ce masa Bayarabe, in ya je kudu hutu danginsa su ce ga Aboki ya zo.

'Yan gida, wato na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, su ma kashi-kashi ne. Akwai tafinta mai la'ada, wanda zai raka ka kasuwa ya yi maka ciniki, ya sha shayi da ƙwai a aljihunka. Akwai wanda kullum yake alkawarin kai abokai kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, in ranar ta zo kowa ya tuna halin da hanya take ciki, a ce sai wani satin. Amma da an shiga lakca reshe ke juyewa da mujiya. Turanci ya sauka, ɗan gida ya noƙe a bencin baya, Malam Ba-Hausa ya baje yana ta zuba. Lokacin jarrabawa za ka gan su kan tabarma ɗaya, wannan na koyar da lissafi, wancan na biya da ƙosai.

Na ƙarshe shi ne Ɗan Indiya, wanda ya je can karatu ya dawo. Ya tafi da yaƙinin cewa finafinan da ya sha kallo sun koya masa yarensu, ga kuma labarin da iyayenmu ke bayarwa na malaman Indiya da Pakistan da suka koyar a sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980. Ya isa ya tarar ba mai rawa a titi, sai masu leƙen fuskarsa a mota da masu son taɓa gashinsa. Tun da ya dawo, in ya ga sabon ɗalibi na rarraba ido, shi ke fara yi masa sannu da zuwa.

Ma'aunin zama ɗan gari dai yana hannun mai shayi: ranar da ya rubuta sunanka a littafin bashi ba tare da neman wanda zai tsaya maka ba, an karɓe ka. Ku kuma 'yan kabu-kabu, ku ji tsoron Allah, ku daina ninka kuɗi da zarar kun ji an ce "ba Hausa".