Takardar Koke Daga Baima Zuwa Ga Mai Girma Rauta, Sarkin Falo

Zuwa ga Mai Girma Rauta, Sarkin Falo, mai karaga a gefen talabijin.

Daga talakawansa, fataken Arewa masu sarin tufafi a kasuwar Baima, birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan fitilun Sarki duk kore suke babu ja a cikinsu, masu wannan takarda suna neman izinin gabatar da kansu, don kada fadawa su ɗauka wasu marasa aikin yi ne suka zo da ƙorafi.

Mutane ne da suka san kasuwa. Daga Kano, Katsina, Sakkwato da Maraɗi suke tasowa, su biyo ta Addis Ababa ko Alƙahira, su sauka a filin jirgin Baiyun. Da yawansu a Xiaobei suke sauka, tasha ɗaya tak a layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa daga babbar tashar jirgin Guangzhou. A gefen tashar nan, kan titin Zhannan, kasuwar Baima take tun 1993, bene a kan bene, shaguna sama da 1,000, duk na tufafi. A cikin wannan gini ba a yi musu wayo. Alhajin da ya girma a Kantin Kwari zai murza yadi da yatsu biyu ya gane auduga ce ko roba, ya juya riga ya duba bayan ɗinki, ya ja zif sama da ƙasa, sannan ya karɓi kalkuleta daga hannun mai shago ya danna abin da zai iya biya. Shi ba ya jin Sinanci, ita ba ta jin Hausa, amma ciniki yana faɗawa.

Wannan gwanin ne Sarki yake mayarwa ɗan koyo. Ana gobe tafiya, kaya sun riga sun tafi wajen masu kago, sai saƙo ya shigo daga gida: "Baba, don Allah a taho mana da rauta, an ce a can ya fi araha." Baima ba kasuwar Sarki ba ce. Sai a nufi kasuwannin kwamfuta na Gangding, ko Dashatou wajen 'yan gwanjo, ko kuma tafinta ya danna waya a JD ko Taobao a kawo kwali har masauki. Nan Alhaji zai tsaya gaban kaya, babu abin murzawa, babu ɗinkin juyawa, sai ya koma ga dabarar da ta rage masa, wato ƙirga eriya. Mai shida ai ya fi mai huɗu, a naɗe masa.

Babu mai musun asalin Sarki. Gidajen sarautarsa suna nan maƙwabta a Shenzhen: ZTE tun 1985, Huawei tun 1987, TP-Link da wa da ƙane suka kafa a 1996, Tenda a 1999. Kakansa na 1997 megabit 2 kacal yake iya ɗauka a daƙiƙa, amma zuriya ta yi albarka, aka haifi Wi-Fi 4 a 2009, Wi-Fi 6 a 2019, ga auta Wi-Fi 7 da aka fara ba shi shaida a farkon 2024. Sarauta ta tabbata. Yadda ake mulkin ne talakawa suke da magana a kai.

Koke na farko a kan eriyar ne. A tallace-tallacen ƙasar Sin ana yi wa wasu 'ya'yan Sarki kirari da masu huda bango, alhali kowace ƙasa ta ƙayyade iyakar ƙarfin da na'ura irin wannan za ta watsa, kuma yawan eriya ba ya tsallake doka. Amfaninsu shi ne magana da na'urori da dama a lokaci guda, da ƙara hanyoyin da saƙo ke bi. Sannan magana ta mutum biyu ce. Ko Sarki ya ɗaga murya har zaure, sai wayar da ke aljihun yaro ta mayar da amsa da 'yar ƙaramar eriyarta, kuma yawancin wayoyi hanya biyu kawai suke iya buɗewa. Akwai 'ya'yan Sarki masu tsada da ko ƙaho ɗaya ba a gani a jikinsu, duk eriyar tana ciki, suna kuma yin aikin da mai shida bai yi ba.

Koke na biyu, lissafin kan kwali. Ɗan kasuwa yana girmama lamba. Idan an rubuta AC1200, ya ɗauka 1,200 zai karɓa. Ashe haɗa kuɗi aka yi: 300 na zangon gigahaz 2.4, da 867 na zangon gigahaz 5, aka tara aka cike gurbi. Waya ɗaya a zango ɗaya take zama, kuma ko wannan kason sai tana kusa da karaga babu bango a tsakani. Wasu masu arahar ma ƙofar da waya ke shiga ta bayansu megabit 100 ce iyakarta. Da mai shago a Baima ce ta haɗa tsawon riga da na wando ta sayar da sunan yadi ɗaya, da tuni an daina shiga shagonta.

Babban abin da ya kamata fada ta riƙa faɗa wa talakawa shi ne Sarki ba ya kawo intanet, rabawa yake yi. Aikinsa irin na mai rabon abinci a gidan biki ne, abin da aka sauke daga murhu shi zai zuba, girman ludayi ba ya ƙara miya. Gidan da layinsa ke ba da megabit 20, ko an ɗora Wi-Fi 7 a kan karaga 20 ɗin za a raba.

Daga nan koke na uku ya taso, kuma shi ya fi cin kuɗin mutane. A biranen Sin wayar faiba ce ke shiga gidaje, kamfani ya kafa akwatinsa a bango, Sarki ya karɓa daga nan ya watsa. Saboda haka yawancin waɗanda ke kan kantocin Guangzhou ba su da ramin sim ko kaɗan. A Kano da Maraɗi kuwa gidaje da yawa da layin waya suke samun intanet. Alhaji zai iso gida, yara su kewaye kwali, a ciro sim a juya Sarki gaba da baya, babu inda za a sa. Ba lalacewa ya yi ba, ba irinsa ake nema ba. Su ma ƙananan na aljihu da ake sayarwa da araha, da yawansu sim ɗinsu a manne yake a ciki, ɗaure da kamfanin wayar Sin. Da jirgi ya tashi daga Baiyun aikinsu ya ƙare.

Wanda ya dace da mai ramin sim ma da sauran rina a kaba. Tsofaffin masu sauraron rediyo sun san akwatin da ba shi da gajeren zango ba ya kamo tashoshin ƙetare, kuma haka layin 4G yake da zanguna masu lamba. Glo ta buɗe nata a 2016 a zango na 28, wato megahaz 700. MTN tana aiki da na 3 da na 7 da kuma na 20, wato megahaz 800. Kamfanonin wayar Sin ba sa amfani da na 20, don haka na'urar da aka ƙera domin kasuwar cikin gida sau da yawa ba ta san da shi ba. Zangunan nan na megahaz 700 da 800 kuwa su ne masu nisan tafiya da shiga cikin ɗaki. Sai a ga Sarki yana ta annuri a tsakiyar birni, da an kai shi sabuwar unguwa a bayan gari ya koma 3G yana numfashi sama-sama. Mai neman 5G kuma ya fara tambaya ko ta iso unguwarsu, don MTN ta fara a 2022, Airtel a 2023, kuma daga manyan birane suka soma.

Koke na huɗu, harshen fada. Ɗan Sarkin da aka yi wa kasuwar Sin da Sinanci yake karɓar gaisuwa. Na TP-Link a tplogin.cn ake samunsa, na Xiaomi a 192.168.31.1, kuma a yawancinsu shafin da zai buɗe babu baƙi ɗaya da ɗan boko ko almajiri zai iya karantawa. Ƙarshenta sai an ɗauki Sarki a leda zuwa kasuwar waya ta Farm Centre, inda wani matashi zai haska kyamarar waya a kan allo yana fassara layi bayan layi, ya karɓi ladansa. Takardar garanti tana can tana aiki a Guangzhou. Fulogin ma siraran ƙafafu ne masu faɗi, soket ɗin Kano mai ramuka uku masu kusurwa ne, na Maraɗi kuma zagayayyu. Wutar dai ta yi daidai, bolt 220 zuwa 230 ce nan da can, adafta kawai za a nema. Wanda kuma ya ga riba ya ce zai loda katan-katan ya sayar, ya tuna hukumar NCC tana buƙatar a tantance samfurin kayan sadarwa kafin a kasa shi a kasuwar Najeriya.

Koke na biyar ya fi kowanne nauyi, domin ya taɓa zaman lafiyar gida. An zana Sarki da tunanin ɗan ƙaramin gidan bene, sai ga shi a gida mai zaure, da tsakar gida, da sassa na bulo da siminti da ƙofofin ƙarfe. Zangon 5 yana da sauri amma bango biyu sun ishe shi. Zangon 2.4 ya fi nisa, sai dai hanyarsa cunkushe take da na maƙwabta da Bluetooth, kuma layuka uku ne kawai a cikinta da ba sa taka juna: 1, 6 da 11. Idan aka ajiye karaga a falon maigida, sashen da ke kusa ya samu sanda huɗu, na nesa ya samu ɗaya, to a gida mai uwargida da amarya wannan ba maganar na'ura ba ce kuma. Shari'a ce, kuma Alhaji ne zai amsa tambaya. Maganin yana nan, a ɗaga Sarki sama a tsakiyar gida, kada a kulle shi a kabad ko a ɓoye shi bayan talabijin, gida mai faɗi kuma a ja waya zuwa ɗaya sashen a naɗa hakimi, ko a sayi masu zuwa biyu ko uku a kwali suna miƙa wa juna saƙo. Amma babu kwalin da ya taɓa faɗa wa mai saye haka.

Koke na shida, Sarki ba ya riƙe sirri. Tsofaffin 'ya'yansa da "admin" suke zuwa a matsayin suna da mabuɗi, kuma irin wannan sakaci ne ya ba manhajar Mirai damar tara dubban na'urori a 2016 ta durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Kwaɗon WEP ya daɗe da karyewa, na kirki shi ne WPA2 na 2004 ko WPA3 na 2018. Amma ɓarawon datar gidan Bahaushe ba daga ƙetare yake ba. Wayar Android tana nuna kalmar sirri a hoton lamba mai murabba'i, yaro ɗaya ya haska wa abokinsa, kafin la'asar majalisar ƙofar gida gaba ɗaya tana kallon Labarina da kuɗin Alhaji. Awa ɗaya ta bidiyo mai kyawun hoto tana iya cin gigabait 1 zuwa 3. Sarki yana da ƙofar baƙi da ake iya buɗewa daban a rufe daban, amma ya ɓoye ta can cikin shafukan da ba a iya karantawa.

Don kada a ce talakawa ba su da adalci, sun yarda ana dukan Sarki a kan laifin da ba nasa ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, ACE da SAT-3 suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, amma a gidaje Sarki aka yi ta kashewa ana kunnawa. A masaukan Guangzhou kuma sanda tana cika fal, falke ya ɗauki hoton sabon samfuri a Baima zai tura wa abokin ciniki a Kwari, saƙo ya tsaya cak. Sarki bai yi komai ba, hukumar ƙasar ce ta toshe Facebook tun 2009 da WhatsApp tun 2017. Idan an ɗauke wuta ma shi ake harara, alhali cinsa kaɗan ne, yawanci da bolt 9 ko 12 yake aiki, ɗan batirin ajiya yana riƙe shi awanni. Baƙon da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, wato Starlink, ya fi shi cin wuta nesa ba kusa ba.

Saboda haka masu koke sun zauna bayan sallar Juma'a sun yanke shawara, suna kuma sanar da fada. Daga yau duk wanda aka yi wa saƙon rauta zai fara tambayar gida: da me intanet ke shigowa, faiba, sim ko tauraron ɗan'adam? Wane layi ne ke da sabis a unguwar? Bango nawa ne tsakanin falo da ɗaki na ƙarshe? A shago kuma zai sa tafinta ya tambaya ko samfurin na fitarwa waje ne, a kunna a gabansa ya ga harshen da zai iya bi, a nuna masa lambobin zango a rubuce. Idan amsa ta gagara, zai mayar da kuɗinsa aljihu ya ƙara dozin ɗaya na riguna, ya sayi na kamfanin layinsa idan ya koma gida.

Idan Sarki ya ga damar ba da amsa, ana roƙon a aiko ta WeChat, domin ita ce ke buɗewa a nan. Kada kuma magatakarda ya rubuta da Sinanci, tafinta da awa ake biyansa.

Allah ya ƙara wa Sarki sabis. Wassalam.

Talakawan Sarki,
Fataken tufafi na Baima, Guangzhou.