Amarya Tana Tafiya a Jikin Bango

Mu dai a unguwar nan ba a yin sha'ani ba mu ɗaga waya sama ba. Kamu ne, suna ne, saukar karatu ce, kowa ya zama mai ɗauka. Sai an watse, an tura bidiyon a zauren WhatsApp na dangi, ka ga Goggo ta karkata wuya tana tambaya, "Ke 'yar nan, me ya sa amaryar take tafiya a jikin bango?"

Abin da muke yi ke nan: mu danna ɗauka waya tana tsaye, da ƙawayen amarya sun shigo a jere sai mu kwantar da ita don kowa ya samu shiga. Ita kuwa waya, yadda aka riƙe ta sa'ad da aka danna, shi take rubutawa a jikin fayil ɗin, ba ta sake shawara har a gama.

Gyaran ba wuya, amma gaggawarmu ke ɓata shi. Yaranmu sukan buɗe CapCut ko InShot su juya bidiyon gaba ɗaya, sai ƙarshen ya miƙe, farkon kuma ya kwanta. A'a, ƙanena. Ka bi a hankali har ka kai daidai inda hannu ya juya, ka yanka a nan, ka juya guntun da ya karkace kaɗai da digiri 90. In ya kife, kai shi 270. Masu juyawa a VLC kuma su sani, a allonsu kawai ya miƙe, wanda suka tura wa zai gan shi yadda yake.

Daga nan sai a tambayi inda za a kalla. Sitatus da TikTok 9:16 suke so, YouTube da talabijin ɗin falo 16:9. In girman bidiyon bai dace da allon ba, nan ne baƙin fili ke fitowa gefe da gefe, ko sama da ƙasa, mu kuma mu yi ta jawo hoton don mu rufe shi, har mu sare wa uwar amarya ɗaurin kallabin da ta ɓata safiya tana gyarawa. Wannan kam yana min ciwo. Gara a bar baƙin, ko a cike gurbin da dishi-dishin hoton, a bar mutane da kawunansu.

In kuwa da kyamarar gaba aka ɗauka, ka ga sunan ango a kalandar biki ya fito a baibai, wannan ba juyi yake so ba. Maɓallin madubi za ka danna, Goggo ta samu ta karanta.