Ranar da Na Yi Shelar Kyauta

Ni mai dambun nama ne, a wani ɗan shago da ke bakin titi a Kurna, cikin Kano. Shekara goma ina wannan sana'a ban taɓa biyan ko sisi don talla ba. Ƙanshin man gyaɗa da albasa ne yarona, shi yake fita ya kamo mini mutane.

Sai 2023 ta shigo da ƙafar hagu. Farkon shekara aka yi canjin kuɗi, mutum da dukiyarsa a banki amma ƙosan naira hamsin ya gagare shi. Ba mu gama miƙewa ba, ranar 29 ga Mayu, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo. Nama ya tashi, man gyaɗa ya bi shi. Masu sayen dambuna kuwa suka koma gaishe ni daga tsallaken titi, hannu kawai suke ɗagowa. Ban ga laifinsu ba. Magidancin da ke lissafin kwanon masara, ina shi ina dambu?

Ana cikin haka ɗan yayata ya zo hutu daga jami'a, inda yake karantar harkar kasuwanci. Ya dubi farantin da tun safe ko ƙuda bai yi ciniki ba, ya girgiza kai.

"Kawu, kayanka ba su da aibu, talla ce ba ka yi. Mutum sai ya ɗanɗana yake saye. Ka ba da ɗanɗano kyauta rana ɗaya, ka ga ikon Allah."

Da na kai maganar gida, uwargida ta ajiye muciya ta dube ni. "Malam, a wannan marra za ka furta kalmar kyauta a bainar jama'a?" Na ce ita ba ta san boko ba. Ta ce haka ne, amma ta san yunwa.

Muka shiga Sabon Gari muka sayo lasifika mai caji, irin ta masu maganin gargajiya, mafi araha a shagon. Yaron ya naɗi muryarsa: "Dambu mai daɗi, ɗanɗano kyauta, saye da kuɗi!" Na ci bashin nama wurin mahaucina, na kwana ina daka ina suya. Muka tsayar da Juma'a, bayan an sauko daga masallaci.

Ashe lasifikar tana da ciwo. Takan haɗiye farkon magana da ƙarshenta, sai tsakiya take fitarwa. Abin da Kurna ta ji shi ne: "Kyauta! Kyauta! Kyauta!" Lokacin kuwa kowa kunnensa a miƙe yake, ana jiran rabon kayan tallafin gwamnati.

Kafin in gama jera tsinken sakace da za a riƙa ɗiba da shi, layi ya kai bakin gidan mai. Masu adaidaita sahu suka faka. Wani da ban taɓa gani ba ya naɗa kansa shugaban layi, ya samo takarda yana rubuta sunaye, mata gefe maza gefe. Wani dattijo ya miƙo mini katin zaɓensa.

"Baba, ɗanɗano ne kawai, ba rabo ba."

"To ɗana, ɗanɗana mini na mutum tara, iyalina ke nan."

Akwai wani mai jar hula da ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya ce gishiri kamar ya so ya yi yawa, a ƙara masa ya tabbatar. Can sai ga shi da farar hula. Zuwa na uku ya zo ba hula, ya ce wancan yayansa ne. Tsinken sakace dai tun a mutum na goma aka yi watsi da shi, aka koma yatsu biyar. Ina ihu ina cewa akwai na sayarwa a leda, lasifika tana ƙaryata ni daga sama. Na danna maɓallin kashewa, ya shige ciki ya zauna.

Mutum ɗaya tak ya saya, wani matashi mai ƙamshin turare. Leda huɗu ya ɗauka, ya nuna mini wayarsa, ga shaidar ya tura kuɗi. Har na yi masa addu'a. Yau shekara ta juya, kuɗin suna hanya.

Da magariba na koma gida da faranti wanda ko wanki ba ya bukata. Uwargida ba ta ce komai ba, illa ta zuba mini tuwo da miyar kuka, ta tambaye ni cikin ladabi ko in ɗanɗana tukuna.

Washegari ɗan yayata ya iso da murna, wai wani ya ɗauki bidiyon layin ya sa a TikTok, na yi suna. Gaskiyarsa. Kafin azahar mahauci ya aiko a ba shi kuɗinsa, tunda ya ga ina rabo. Bayan la'asar mai shagon da nake haya ya zo da kansa, ya zauna a bencina, ya gyara babbar riga.

"Alhaji," in ji shi, ni da ko Jidda ban taɓa gani ba, "na ji Allah ya buɗa. Dama maganar kuɗin haya ce."