Bazazzagi Ya Rubuta Littafi, Ƙwari Na Karantawa

Labari ya iske ni a Fagge cewa bawana na Tudun Wada ya gama littafi. Na ce alhamdu lillahi, bawa ya yi abin kai, ubangida ne zai sha yabo. Sai mai kawo labarin ya ƙara da cewa ai shekara uku ke nan da gamawa, yana cikin adakar uwargida tare da zannuwan biki, ana zuba masa kafur. Wai jira kake kamfani ya ji ƙamshinsa ya aiko da mota.

Haba Malam! Na san abin da ke ruɗin ku Zagezagi. Kun buɗe ido kun ga Kamfanin Gaskiya a bayan gidanku tun 1945, ga kamfanin ɗab'i na NNPC ya biyo baya a 1966, sai kuka ɗauka buga littafi gadonku ne kamar dogon Turanci. To bari in tuna maka. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933, su wa suka cinye ta? Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja haifaffen Kagara ne, Katsina ta rene shi. Wansa Bello Kagara ya kawo Ganɗoki. Littafin Shaihu Umar daga ƙasar Bauci ya fito. Idon Matambayi kuwa na Muhammadu Gwarzo ne, namu. Ɗan gida ɗaya da kuka samu, John Tafida na Wusasa, shi ma sai da Bature ya riƙe masa alƙalami kafin Jiki Magayi ya tsaya da ƙafarsa. Injin dai naku ne, ban musa ba.

Mu da ba a ajiye mana inji ba, ba mu zauna jiran tsammanin warabbuka ba. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da sauran 'yan Raina Kama aljihunsu suka taɓa, suka je maɗaba'a da ƙafarsu, suka ɗauko kaya suka kai kasuwa. Malaman jami'a suka yatsine fuska suka raɗa wa littattafan Adabin Kasuwar Kano. Yau su ne ke samun digiri a kan In Da So Da Ƙauna.

Saboda haka buɗe adakar nan. Da farko ka nemi wanda ba ya jin kunyarka ya karanta. Ban da uwargida, ban da ɗalibanka masu jiran maki. Ka je taron wata-wata na ƙungiyar marubuta ta ANA, ka karanta babi ɗaya a gaban mutane, ka daure a yi maka fata-fata. Na san wannan ne zai fi yi maka ciwo, don Bazazzagi ya gwammace a mare shi da a ce masa jimlarsa ta yi tsawo.

Sannan mai buga rubutu a kwamfuta. Nan ka tsaya a kansa kamar mai gadin gona. Ni nawa littafin na farko, yaron shagon ya zubar min da duk ƙugiyoyin haruffa, ban duba ba don ɗokin in ga sunana a bango. Inda na ce ƙura ta tashi a filin Idi, sai aka wayi gari kura ce ta tashi. Baƙin amarya suka koma bakin amarya, har aka shimfiɗa masa tabarma aka kawo masa fura. Kwafi dubu, Malam. Har yau akwai wata gwaggona da ke tambayata yadda aka yi da kurar. Ka karanta gyara sau uku kafin a haɗa faranti, don bayan nan kowane kuskure ka saye shi.

Ka nemi lambar ISBN a Ɗakin Karatu na Ƙasa, ba ta da wuyar samu, kuma ita ce ke raba littafi da takardar ƙosai. In kasuwarmu kake hari, ka sani Kano na da hukumar tace fina-finai da ɗab'i, gara ka bi ta ƙofarta da kanka kafin ta aiko.

Kada ka buga da yawa. Takarda ta yi tsada, mai shagon littafi kuma ba ya biya sai ya sayar, in ya sayar ma sai ka yi sawu bakwai yana ce maka kasuwa ta yi sanyi. Buga kaɗan, ka ga kamun ludayin masu karatu. In ma kuɗin ne babu, 'yan matan da kake rainawa sun riga ka gano hanya: su saki babi biyar kyauta a WhatsApp ko Wattpad, daidai inda miji ya turo ƙofa su tsaya, su ce mai son ci gaba ya turo kuɗi ta banki. Kai kuwa na ji babinka na farko shafi ashirin ne na bayanin itatuwan Kufena.

Har na so in ce ka gwada gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, sai na tuna ta mata ce zalla. Ko da yake yadda kake noƙe-noƙen nan kamar amarya, da ka ɗaura ɗankwali babu alƙalin da zai gane.

Ranar Asabar ka shigo motar Kwangila, ka sauka a Unguwa Uku, zan aiko yaro ya ɗauko ka kada gine-gine su ruɗa ka. Ka taho da littafin, ka kakkaɓe kafur ɗin. Shafin sadaukarwa kuma kada ka wahalar da kanka, na riga na rubuta maka: zuwa ga ubangidana Bakano.