Mahaya Keke Iri-Iri a Mararrabar Tsarnawa

Kimanin kilomita 15 gabas da Birnin Ƙonni, a Tsarnawa, kwalta ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe gabas ta Malbaza da Galmi har Maraɗi da Damagaram. Ɗayar ta yi arewa, ta ratsa duwatsun Adar ta Badagishiri zuwa Tawa, daga can ta faɗa hamada har Agadas da Arlit. Duk wanda ya zauna rumfar mai shayi a nan zai ga manyan motoci da kabu-kabu, amma abin kallo na gaske masu keke ne, kuma kowa da halinsa.

Na farko shi ne Anasaran yawon duniya. Kafin tawayen 2007 da sace ma'aikatan Arlit a 2010 su tsinke zuwan baƙi, akan ga irinsa yana gangarowa daga arewa, ya baro Tamanraset ta Asamaka, ya wuce gindin duwatsun Ayar. Kekensa ya fi saniya tsada, jakunkuna huɗu rataye da shi, ga gorunan ruwa, ga taswira a gaban sirdi. Fuska ta yi jawur, gajeren wando ya ɗame shi. Da ya tsaya sai yara su kewaye shi suna neman kado, wato kyauta, dattawa kuwa tausayi ke kama su. "Bawan Allah, kuɗin mota ne ya ƙare?" In ya bayyana cewa don nishaɗi yake yi, sai a jinjina kai, a ƙara masa shayi, a bar maganar. Yana rubuta komai a ɗan littafi, har da farashin ƙosai.

Kusa da shi, wani lokaci a benci guda, ga mai jarka. Shi ma yana ƙetare iyakar ƙasa da ƙasa, sai dai ba fasfo, ba taswira. Daga Illelar Najeriya yake ɗauko fetur, jarka a kariya, jarka a hagu, jarka a dama, har ba a ganin taya ta baya. Ya san kowace ɓarauniyar hanya, ya san lokacin da 'yan duwan ke sallar azahar. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 2023, bai ajiye keke ba, hanyarsa ce kawai ta ƙara tsawo. Birkinsa ya mutu tun bara, da takalmi yake tsayawa. Shi kaɗai ne matafiyin da ke roƙon mai sigari ya matsa gefe kafin ya amsa sallama.

Sai mai albasa, mutumin fadamun Maggiya. Albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akra, amma kafin ta hau tirela sai ta hau wani abu daga gona zuwa bakin kwalta. Buhun irin wanda ake yi wa hula ne, ya fi mai shi nauyi. Don haka ba ya hawa keken, turawa yake, kafaɗa jingine da buhu, gumi na zuba. In an tambaye shi amfanin keken da ba a hawa, sai ya ce a jira a ga komawarsa gida.

Ɗan tsere kuwa daga nesa ake hango shi: riga mai sheƙi ta gwanjo, tabarau, hular kwano, kai a duƙe. Ya ji labarin tseren Burkina Faso da ake yi tun 1987, ya ƙudura sai sunansa ya fito a rediyo. Ba ya gaisuwa, wai numfashi zai lalace. Da hunturu yakan nufi Tawa da ƙarfinsa, ya manta iskar daga arewa maso gabas take busowa, sai ta tare shi gaba da gaba a hawan farko. Da la'asar a gan shi ya dawo bisa motar siminti, keke a kan cinya, yana cewa sarƙa ce ta ba shi matsala.

Baba mai Rali ba ya gaggawa. Ya sayi kekensa ƙirar Rali tun zamanin Seyni Kunce, kuma har yau ledar sirdi ba ta fita ba. Ƙararrawa biyu, madubi biyu, fitilar da ke cin wuta daga taya, ga tsumman gogewa a ƙarƙashin sirdi. Yakan ɗaure bakin wando da roba, ya tattare babbar riga, ya kama hanyar Illela ta Nijar don ta'aziyya ko ɗaurin aure. Kowane ƙauye sai ya sauka ya gaisa da sarki da liman, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa yakan isa wurin suna bayan an watse, ya zauna ya ci ragowar tuwo. Aron keken kuwa, ko ɗan cikinsa bai isa ya tambaya ba.

Akwai kuma mai niyyar Makka. Tun da aka ji wani matashi daga Jos ya isa Saudiyya a keke a 2022, kowane gari ya samu nasa. Ya liƙa tuta a kariya, ya sha addu'a a ƙofar masallaci, an yi masa karo-karo. Bayan kwana kaɗan sai labari ya zo an gan shi Madawa yana jiran sanyi ya sauka.

Duk waɗannan, wuri guda suke haɗuwa: gindin bishiyar mai faci. Kayan aikinsa kwanon ruwa ne, da gam, da guntun tsohon tib, da famfon da ake takewa da ƙafa. Ƙayar aduwa da tsidau ba su san tayar Jamus da ta Sin ba, shi ma haka. Yakan tsoma tib a ruwa, ya bi kumfa da ido, ya soka tsinke a ramin, ya kankare, ya shafa gam, ya hura ya jira. Kuɗin ne kawai ke bambanta. Baba mai Rali yana biya da addu'a, mai albasa da albasa uku, ɗan tsere ya ce gobe. Anasara kuwa, da yake ya ɗauki hoton aikin, akan lissafa masa har da na hoto.